Addu'ar Mai Rabon Masara

Duk shekara, da zarar dawa ta sunkuyar da kai a gonaki, iskar kaka ta fara busar da leɓe, sai zuciyata ta koma ranar Laraba, 29 ga Oktoba, 2014. Ranar ce 'yan Boko Haram suka shiga Kwarhi, inda hedikwatar ikkilisiyarmu ta EYN take tare da makarantar Kulp mai horar da fastoci, daga nan suka faɗa Mubi. Ina koyarwa a wata firamare a lokacin. Muka bar gyaɗa a shanye a tsakar gida da tukunya a kan murhu, na saɓa ɗanmu a wuya, matata ta goya jaririya, muka bi ayarin mutane zuwa daji.

Labarin gudun ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai waɗanda suka bar gawar iyayensu a hanya ba su samu damar binnewa ba, su ne suka cancanci a saurara musu. Abin da ya daɗe yana ci mini rai daban ne: irin addu'ar da nake yi kafin wannan rana, da irin wadda wata tsohuwa ta koya mini bayanta, a gaban buhunan masara.

Wutar ba ta zo mana bagatatan ba. A watan Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan ikkilisiyarmu. A Agusta Gwoza ta faɗi, Madagali ta bi baya, farkon Satumba sai Michika. Kafin Oktoba da wuya ka sami gida a unguwarmu da ba shi da baƙi daga can, suna kwana a zaure da ƙullin kayansu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna ganin gemun, muna jin ƙaurin, amma a coci sai gardama ta kaure. Wasu dattawa suka ce barin gari ƙarancin bangaskiya ne, wanda ya tsare Daniyel a ramin zakoki ai bai tsufa ba. Wasu suka ce Yesu da bakinsa ya gaya wa almajiransa in an tsananta musu a wannan gari su tsere zuwa wancan, shi kansa ma yana jariri aka gudu da shi Masar. Kowa da ayarsa a hannu. Ni ina cikin masu cewa a zauna. Da aka sanar a rediyo ranar 17 ga Oktoba cewa an cimma yarjejeniyar tsagaita wuta, sai na ɗauka amsar addu'ata ce ta iso.

Sau uku matata ta roƙe ni in kai yara Yola wurin yayanta. Na ce mata tsoro ne yake magana da bakinta.

Ina addu'a kuwa, safe da dare, har da azumi. Amma in na tuna kalmomin yanzu, duk umarni ne nake bai wa Allah: ka tsayar da su a can, ka rufe musu ido, ka kewaye garinmu. Ban ce roƙon tsari laifi ne ba, mai jin tsoro dole ya nemi mafaka. Inda na ɓata shi ne, ko sau ɗaya ban tambaye shi abin da ni ya kamata in yi ba. Na riga na yanke shawarata ni kaɗai, abin da nake nema wurinsa ya sa hannu kawai.

Kwana uku muka yi kafin mu isa Yola, rabi a ƙafa ta cikin duwatsu da gonakin mutane, rabi a bayan motar ɗaukar kaya. Wasu maƙwabtanmu Kamaru suka ƙetare. Jimeta ta cika ta batse. An buɗe sansanoni, Bishof Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ga dubban mutane, amma mafi yawanmu a gidajen 'yan'uwa muka raɓe. A gidan yayan matata, mai ɗaki uku, har ƙarƙashin mangwaro ana kwana. Shugabannin ikkilisiyarmu su ma, da Rabaran Samuel Dante Dali a kan gaba, sun zama 'yan gudun hijira, sai a Jos aka kafa ofis na wucin gadi.

A can addu'ata ta sake salo, ta koma tambaya guda: don me? Don me mu, da ba mu taɓa ɗaukar makami ba? Don me aka ƙone majami'u aka bar mashaya? Ba na jin kunyar wannan tambaya. Zabura cike take da ita, Ayuba ya yi ta har muryarsa ta dushe, Ubangijinmu ma ya yi ta a kan gicciye. Duk wanda ya ce wa mai makoki kada ya tambayi Allah dalili, bai karanta Littafi Mai Tsarki da kyau ba. Sai dai tambaya ce da za ka iya kwana kana yi, gari ya waye yara suna kukan yunwa, kana nan inda kake.

A mako na uku faston wata ƙaramar majami'a da muke taruwa ya kira ni. Ya ce tun da ni malamin makaranta ne, in riƙe littafin sunaye in kula da rabon abincin da ake kawowa. Na karɓa ba don ina so ba. Ranar farko ta kusa zama ta ƙarshe. Buhunan ba su kai rabin abin da ake bukata ba. Mutanen Michika suna ganin an fifita na Mubi, na Mubi suna cewa waɗancan sun riga su zuwa, sun karɓa sau biyu. Wani ya rubuta sunansa da na ƙanensa da na ɗansa a matsayin gida uku, alhali tukunya ɗaya suke ci. Gwauruwar da ba ta iya turereniya ba ta koma hannu wofi. Da yamma na zauna a kan benci na rufe littafin, na yi niyyar mayar wa fasto abinsa.

Washegari da sassafe shugabar zumuntar mata ta same ni a ɗakin ajiya. Tsohuwa ce daga wajen Michika, wannan gudunta na biyu ke nan cikin wata biyu.

"Malam, ka yi addu'a kafin ka kwance bakin buhun nan?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mama, tun da muka baro gida me nake yi in ba addu'a ba?"

"Na sani, ɗana. Me kake roƙa?"

Na gaya mata gaskiya, ina so Allah ya faɗa mini dalilin abin da ya same mu. Ta yi shiru tana gyara ɗaurin ɗankwalinta, sannan ta ce, "Wannan zai iya jira. Masara ba za ta jira ba. Ka roƙe shi ya nuna maka yadda za ka raba ta."

Ba ta yi nisa a karatun boko ba, amma ta ce in buɗe wasiƙar Yaƙub, sura ta fari, aya ta biyar. Na san ayar. Na sha koya wa yaran makarantar Lahadi ita in jarrabawa ta gabato, har na mayar da ita ayar 'yan makaranta: wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah. Ranar nan na fara karantawa tun daga aya ta ɗaya, sai na ga abin da idona ya saba tsallakewa. Wasiƙar ga mutanen da suke a warwatse aka rubuta ta. Maganar da ke gaban ayar kuma ta gwaje-gwaje ce da jimiri. Ashe tun asali ba ayar ɗakin jarrabawa ba ce, ayar mutanen da aka tarwatsa ce, irinmu. Yaƙub bai yi musu alkawarin za a bayyana musu dalilin wahalarsu ba. Ce musu ya yi in ba su san yadda za su bi da ita ba, su tambaya.

Amma kalmar da ta kama ni ita ce gori. Yaƙub ya ce Allah yana bayarwa, kuma ba ya yi wa mai roƙo gori. Wanda bai taɓa cin tuwon gidan wani na wata da watanni ba bai san nauyin wannan kalma ba. Ba na zargin masu masaukinmu, sun yi mana abin da har in mutu ba zan iya biya ba. Amma ɗan Adam ne, ranar da gawayi ya ƙare kuɗin makarantar yara kuma ya zo, kallo ɗaya ya ishe ka kwana ba barci. Ko ba a yi maka ba, kai kana yi wa kanka. Nawa gorin ya fi wannan ciwo. Da wane ido zan je gaban Allah in ce ya nuna mini hanya, bayan ya aiko mini da ita sau uku ta bakin matata na ƙi? Abin da nake jira in ji daga wurinsa shi ne, ai da an gaya maka. Wannan tsoron ne ya hana ni roƙon hikima, na ɓuya a bayan tambayar dalili, domin mai tambayar dalili Allah yake tuhuma, mai roƙon hikima kuwa ya yarda shi ne bai sani ba. Na durƙusa a tsakanin buhunan na yi addu'ar da ta fi kowace gajarta a rayuwata. Na ce ban san yadda zan yi ba, ya nuna mini.

Ban ji murya ba, ban yi mafarki ba. Abin da ya faru shi ne na daina ganin cewa dole amsar ta fito daga kaina. Na tambayi Mama yadda ita za ta yi. Ta ce in daina ƙirga masu gida, in ƙirga tukwane, mata kuma sun san wa ke girki tare da wa. Muka sake rubuta littafin daga farko, da sunan mai girki da yawan bakunan da take ciyarwa. Muka ɗauko mace ɗaya daga kowane yanki ta riƙe mudu, amma ba ita za ta auna wa mutanen garinsu ba. Muka daina buɗe buhu a ɗaki, sai a fili, a ƙirga a gaban kowa kafin a taɓa. Gwauraye da masu goyo su fara, gidana da na fasto a ƙarshe, in ya ƙare kafin a zo kanmu shi ke nan. Masarar ba ta ƙaru ba, amma zargin ya ragu, yunwa kuma ta fi sauƙin ɗauka in ba a haɗa ta da zargi ba.

Daga baya fasto ya nuna mini cewa rigimarmu tsohuwa ce. A Ayyukan Manzanni sura ta shida, masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni suka ce a zaɓo mutum bakwai, sharaɗin kuwa su zama masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Don rabon abinci fa. Istifanas, wanda ya fara mutuwa saboda sunan Almasihu, daga wannan aiki ya fito. Mu mun saba ajiye hikima a kan mumbari da kujerar Sulemanu, muna mantawa cewa shari'ar da ta fito da sunan Sulemanu ma ta mata biyu ce matalauta a kan jariri ɗaya.

Gwaji mafi zafi ya zo wata ranar Asabar. Wata mata da hijabi ta tsaya a ƙarshen layi da yara huɗu. Ita ma daga Mubi ta gudo, an kashe mijinta, don masu bindigar ba su bar Musulmin da ya ƙi bin su ba. Samarinmu suka taso. Labari yana zuwa kullum cewa a wasu unguwanni maƙwabta ne suka nuna gidajen Kirista, suka kwashe kaya. Wani saurayi da aka kashe mahaifinsa a gabansa ya tsaya a gaban buhu ya ce sai dai a bi ta kansa. Zuciyata tana tare da shi, ba zan ɓoye ba. Na ce a dakata, na shiga ɗakin ajiya na sake yin gajeriyar addu'ar nan.

Yaƙub ɗin nan dai, a sura ta uku, ya ba da ma'aunin gane hikimar da ta fito daga sama: tana son salama, tana da jinƙai, ba ta nuna bambanci. Da na auna abin da zuciyata take so da wannan ma'auni, bai hau ba. Na kuma tuna ko su waye mu. Ikkilisiyar 'Yan'uwa da ta haife mu ta soma ne a Jamus a 1708 a hannun mutanen da suka ƙi ɗaukar takobi, ta iso Garkida a 1923, inda Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a ƙarƙashin tsamiya. Shekara casa'in muna wa'azin salama muna wanke wa juna ƙafa. Wa'azin bai taɓa cin mana komai ba sai ranar nan, da ya zo yana neman mudu biyu na masara daga bakin 'ya'yanmu.

Na fito na kira saurayin gefe, ban yi masa wa'azi a gaban mutane ba. Na ce, "Ƙanena, ban isa in ce maka ka manta ba. Amma yaran nan ba su ne suka kashe Baba ba, su ma nasu uban aka kashe." Bai amsa ba. Ya matsa, aka auna mata, ya tafi bai sake dawowa taya mu rabo ba. Har yau ban ga laifinsa ba, kuma har yau ina ganin daidai muka yi. Mun kuma sa dattawa biyu suna tantance duk baƙuwar fuska, ko ta wane addini ce, don Yesu da ya ce mu zama marasa ɓarna kamar kurciya, shi ne ya ce mu yi wayo kamar maciji.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A Gurku, cikin jihar Nasarawa, Markus Gamache na ikkilisiyarmu ya jagoranci kafa matsuguni inda Kirista da Musulmi 'yan gudun hijira suke zaune tare. A 2021 Bishof Mamza ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi don waɗanda ba su da inda za su koma, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci, ya sha suka daga wasu Kirista a kan haka. Na san irin sukar, na ji ƙaramarta a bakin buhu.

Akwai abin da nake so in faɗa wa masu bi da ƙarfi, don na ga ɓarnarsa da idona. Lokacin wahala kasuwar masu cewa Allah ya gaya mini takan buɗe. Wannan ya ce an nuna masa nan da kwana arba'in kowa zai koma gida, wancan ya ce zunubin wane ne ya jawo. Na ga iyalin da suka koma ƙauye a kan irin wannan magana suka sake gudowa da raunuka. Abokan Ayuba sun yi masa amfani a kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru, da suka buɗe baki suna bayyana dalilin Allah sai suka zama ƙarin ciwo. A zamanin Irmiya ma Hananiya ya yi wa mutane albishir cewa nan da shekara biyu za a dawo daga Babila, Irmiya kuwa ya rubuta wa kamammun cewa su gina gidaje su dasa gonaki, zaman mai tsawo ne. Maganar Hananiya ta fi daɗin ji. Ta Irmiya ce ta raya mutane.

Kuma ban ce wanda ya roƙi hikima ba zai mutu ba, ko kuwa amsa ɗaya ce ga kowa. Bulus an zura shi cikin kwando ta katangar Dimashƙu ya tsere da dare, shi ne kuma daga baya ya nufi Urushalima 'yan'uwa suna kuka suna roƙonsa kada ya je. Ni abin da ya kamace ni a 2014 in kwashe yarana da wuri. Rabaran Lawan Andimi kuwa, faston ikkilisiyarmu kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, ya zauna tare da garkensa a garin da ya san hatsarinsa, aka kama shi aka kashe shi a Janairun 2020. Ba zan taɓa cewa bai yi hikima ba. Abin da aka ɗora masa daban ne da nawa, shi ya sa ba a aron amsar wani, kowa sai ya je ya tambaya da kansa.

An ƙwato Mubi a watan Nuwamban 2014, amma wannan karon ban yanke shawara ni kaɗai ba. Muka yi addu'a tare da matata, muka saurari waɗanda suka leƙa suka dawo, muka jira. Ni na fara zuwa, bayan watanni iyali suka biyo. Gidan babu ƙofa, babu katifa, babu ko cokali.

Kwana biyu da dawowarsu, na je gaida maƙwabcinmu, wani dattijo Musulmi da muka yi shekaru muna musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti. Ina shiga zaurensa na ga keken ɗinkin matata a lungu, an rufa masa tsohon zane. Na gane shi da tabon da ke jikin ƙafarsa. Jini ya hau mini kai, tambayoyi suka cika mini baki. Na tsaya a bakin ƙofa na yi addu'ar nan a zuci, sannan na yi sallama, na tambayi lafiyar iyali, na yi masa gaisuwar ƙanensa da aka kashe. Muka daɗe muna jajanta wa juna. Da na tashi tafiya ya ce, "Malam, ga keken Maman yara nan, a turo yaro ya ɗauka."

Ko ajiye mana ya yi, ko wani nasa ne ya ɗauka kunya ta sa ya mayar, bai faɗa ba. Da dare na ce wa matata gobe zan koma in tambaye shi. Ta ce, "Baban yara, kada ka tambaya." Wannan karon na ji maganarta. Da safe ta zuba wa keken mai, ta sa sabuwar allura. Abin da ta fara ɗinkawa da shi labule ne, muka rataya a inda ƙofa take a da.